Kotun ɗaukaka ƙara ba ta ganin shaidu, to da mi take gane maƙaryaci?

Ɗan_Fadama_Skt
Assalamu alaikum jama'ar wanga zaure. Tambaya gare ni zuwa ga lauyoyi da malamman da ke cikinmu, a yi haƙuri da tsawon bayani.

Ɗan yayata ne wata babbar kotu ta yanke ma hukuncin kisa sati ukku da sunka wuce. Ba ni faɗin suna ko gari. Asalin abin rigimar ruwa ce a fadama, lokacin ban-ruwan albasa. Da rana sun yi cacar baki da maƙwabcin gonarshi, kowa ya ji, wannan ba mu musu. Da dare anka iske maƙwabcin kwance kusa da injin ruwa an rotsa mai kai, kafin a kai asibiti rai ya yi halinshi. Allah shi jiƙanai, mutumin kirki ne, mun sha cin tuwo kwano guda.

Shaidu biyu anka dogara da su. Na farko ƙanen mamacin. Wanshekare ya ce ma 'yan sanda mutum ukku ya hanga, bai gane kowa ba. Sai bayan kwana tara ya koma ya ambaci sunan yaronmu. Na biyu mai gadin wata gona, ya ce da gora anka buge shi, ƙanen kuwa ya ce adda. Yaro ya ce shi daren nan a Illela ya kwana.

Lauyanmu ya ce za mu ɗaukaka ƙara, amma kada mu sa rai a sake kiran shaidu, takarda kawai za a karanta. Nan kaina ya ɗaure. In ba su ga mutum ba, ba su ji muryarshi ba, da mi za su gane ƙarya yake ko gaskiya?

Uwar_Gida_Mabera
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya bayyana gaskiya, ya ba gidajen biyu haƙuri.

ƊanKabuKabu_Gawon_Nama
Ai magana ta ƙare tunda ɗaya ya ce gora ɗaya ya ce adda. Kuma ƙanen mamaci ai ba shaida ba ne, ɗan uwa ne. Saura mutum guda ke nan, kuma ba a kashe mutum da shaida guda. Ku kwantar da hankalinku, sakin shi za a yi.

Barista_Runjin_Sambo
Wa alaikumus salam. ƊanKabuKabu, na san kyakkyawar niyya gare ka, amma kada mu ba bawan Allah nan tabbacin da babu shi. Duk abubuwa ukun da ka faɗa ba haka suke a babbar kotu ba.

Sashe na 200 na Dokar Shaida ta 2011 bai ɗaura wa kotu adadin shaidu ba. Mutum ɗaya tak, in alƙali ya gaskata shi, ya isa a yanke hukuncin kisa. Zama ɗan uwan mamaci kuma ba ya zubar da shaida. Kotun Ƙoli ta sha faɗin haka, don sau da yawa 'yan uwa ne kaɗai ke wurin da abin ya faru. Alƙali dai zai saurare shi da taka-tsantsan.

Ɗan_Fadama, lauyanku gaskiya ya gaya maka. Kotun ɗaukaka ƙara reshen Sakkwato, wadda ke karɓar ƙararrakin Sakkwato da Kabi da Zamfara, alƙalai uku ne za su zauna da kundin shari'ar: abin da kowane shaida ya faɗa, tambayoyin da aka yi masa, takardun da aka karɓa, da hukuncin. Ƙa'idarsu ita ce gaskata shaida ko ƙaryata shi hurumin alƙalin da ya gan shi ne. Shi ya ga inda muryar mutum ta yi rawa, inda ya sunkuyar da kai, inda ya tsaya kame-kame. Su ba su gani ba, don haka ba sa saurin taɓa wannan.

Amma ba a nan aka rufe ƙofa ba. Alƙali ya rubuta "na gaskata shi" kawai bai wadatar ba, sai ya nuna dalili daga abin da ke cikin kundi. In ya tsallake wata hujja mai nauyi bai ko ambace ta ba, ko ya gaskata abin da rahoton likita ya rushe, ko ya cike wa masu gabatar da ƙara giɓi da hasashensa, to nan suna da ikon sa hannu. Ba ƙaryar shaida suke nema a fuskarsa ba. Suna duba ne ko hanyar da alƙali ya bi har ya gaskata shi za ta ɗauki nauyin ran mutum.

Abu na gaggawa: kwana 90 gare ku daga ranar hukunci ku shigar da takardar ɗaukaka ƙara. Kun ci 21.

Ɗan_Fadama_Skt
Na gode Barista. Lauya ya ce takardar ta shiga tun satin da ya wuce. Amma tsohuwarshi ba ta barci, wai kada a zartar kafin a saurare mu.

Barista_Runjin_Sambo
A gaya wa Inna ta samu natsuwa ta wannan fuskar. Muddin ƙara na gaban kotu ba a zartarwa, kuma ko an ƙare har Kotun Ƙoli sai gwamna ya sa hannu. An taɓa yin wannan ɓarna a jihar Oyo a 1981, aka kashe wani Nasiru Bello ƙararsa na jiran saurare. A 1986 Kotun Ƙoli ta ce abin da gwamnatin ta yi haramun ne a doka. Har yau da wannan shari'ar ake kafa hujja.

Tsohon_Tafinta
Ni ba lauya ba ne, amma na yi shekaru ina tsaye tsakanin akwatin shaida da teburin mai shari'a, to bari in ƙara wani abu kan wannan kundi da Barista ke magana.

Harshen babbar kotu Turanci ne. Baƙauye ya yi magana da Hausa, ni in juya, mai shari'a ya rubuta da hannunsa. Abin da ya isa takarda ya bi ta baki biyu da alƙalami ɗaya. Wata rana wani dattijo ya ce "na gane shi da tafiyarsa". Da na yi sakaci na ce ya gan shi, shi ke nan, an rubuta ganau. Alhali mutumin bayan wani ya hanga cikin duhu, ɗingishi ya gani. Tsakanin "na gan shi" da "na gane shi" harafi ɗaya ne, amma wuyan mutum na iya rataya a kansa.

Haka lokaci. Mutanenmu ba su da ƙarfe kaza, sai "bayan isha'i", "da wata ya faɗi", "carar zakara ta fari". Lauya ya matsa wa mutum sai ya faɗi ƙarfe nawa, ya ce tara don a rabu da shi, a wurin 'yan sanda kuma an rubuta sha ɗaya. Sai a miƙe a ce ya yi tufka da warwara. Bai yi ƙarya ba, agogo ne ba shi da shi.

Don haka ku nemi kundin ku zauna da wanda ya halarci zaman, a karanta muku layi layi.

Lauya_'YarGobir
Baba Tafinta ya taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Shi ya sa kotu ta raba saɓani gida biyu. Akwai na ƙananan abubuwa, kamar launin riga ko tazarar minti talatin, wannan ba ya kashe shaida. Hasali ma in mutum biyu suka zo da labari iri ɗaya sak har waƙafi, alƙali mai gogewa zai yi zargin an yi musu bita ne a gida. Sai kuma saɓanin da ya taɓa zuciyar tuhuma: wa ya yi, da me, a ina.

Gora da adda na iya faɗawa kowane ɓangare. Me likita ya rubuta? In ya ce rauni na abu marar kaifi ne, to wanda ya rantse ya ga an ɗaga adda an sara, ganinsa ya shiga shakka. In bai bambance gora da adda ba a wannan duhun, yaya ya bambance fuska?

Ni dai abin da ya fi ja mini hankali kwana taran nan ne. Tun shari'ar Abudu a 1985 Kotun Ƙoli ta ce wanda ya san mutum tun da, ya ce ya gan shi yana aikata laifi, amma bai ambaci sunansa ba a damar farko, dole a yi hattara da shaidarsa sai in ya kawo dalili mai gamsarwa. Maƙwabcin gonar yayanka ba baƙo ba ne da za ka manta sunansa.

Tambayata: sitatimen ɗinsa na farko, wato bayanin da 'yan sanda suka rubuta daga bakinsa, an karanta masa shi a kotu an tambaye shi? An karɓe shi cikin hujjoji? In lauyan farko bai yi haka ba, alƙalan sama ba za su ma san da shi ba. Abin da ba ya cikin kundi, a wurinsu bai faru ba.

Malam_Na_Zaure
Bismillah. ƊanKabuKabu bai yi kuskure duka ba, ya ɗauko hukuncin wani gida ne ya kai wani gida. A fiƙihun Malikiyya da muke karantawa a zaurukanmu, ƙisasi ba ya tabbata sai da iƙirari, ko shaidar maza biyu adilai, ko ƙasama, wato rantsuwa hamsin ta waliyyan jini. Risala ta kawo cewa ba a karɓar shaidar abokin husuma, ko wanda ake tuhumar gaskiyarsa, ko mai jawo wa kansa amfani. Ɗa ba ya yi wa iyaye shaida, miji ba ya yi wa mata. Ɗan uwa adili kuwa yana yi wa ɗan uwansa, amma in shi ne mai neman jinin ya zama mai da'awa.

Bambancin da nake so ku lura da shi: can babbar kotu alƙali yana kallon shaida a akwati ya auna shi. Nan a fiƙihu kuwa tun kafin a yi aiki da maganarsa ake tazkiyya, a tambayi waɗanda suka san shi a ɓoye da bayyane. An ruwaito Sayyidina Umar ya tambayi wani mai yabon shaida ko maƙwabcinsa ne, ko sun yi tafiya tare, ko sun yi hulɗar kuɗi. Da ya ce a'a, sai ya ce masa to ba ka san shi ba. Bayan haka akwai i'izari, a tambayi wanda ake tuhuma ko yana da suka a kan shaidun nan kafin a yanke.

In shaida ɗaya ce adila, ko mamaci kafin ya cika ya ce jinina yana wuyan wane, wannan lausu ne, wato alama mai ƙarfafa zargi. Sai waliyyan jini su yi rantsuwa hamsin, kuma ba a kashe fiye da mutum ɗaya da ita.

Ɗalibin_Ɗanfodiyo
Allah gafarta Malam, wannan karon na tsarin biyu ya daɗe a ƙasar nan. Mun karanta shari'ar Tsofo Gubba da Hukumar Gargajiya ta Gwandu, 1947. Kotun Sarkin Gwandu ta yanke masa kisa, kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta ce a dokar Turawa tunzura shi aka yi, laifin bai kai na kisa ba. Rigimar da ta biyo baya na cikin abin da ya kai ga kafa Final Kod, dokar laifuka ta Arewa, da ta fara aiki a 1960.

Maganar mamaci kuma, ita ma Dokar Shaida ta karɓe ta a sashe na 40, in ya faɗe ta yana ganin mutuwa ta zo masa.

Bakatsine_A_Sakkwato
Ɗalibi ana maganar ran yaro kai kana bitar jarrabawa.

Ɗalibin_Ɗanfodiyo
Tuba nake yaya. Amma ai mai tambaya bai ce ko mamacin ya yi magana kafin ya cika ba, shi ya sa na kawo.

Ɗan_Fadama_Skt
Bai yi magana ba. Ko da anka iske shi ba ya cikin hayyacinshi.

Inna_Arkilla
Tun jiya nike karanta ku ina shiru. Ɗan_Fadama ban ce yaronku ya yi ba, Allah kaɗai ya sani. Amma duk kun taru kuna neman ƙofar da za a fitar da mai rai, babu wanda ya tuna da wanda ke cikin ƙasa.

Ƙanena anka kashe shekarun baya, gaban shagonai. Yaron shago ya gani da idonai. Kwana huɗu bai faɗi suna ba, don mutanen sun aiko mai cewa in ya buɗe baki shi ma ya bi. Ni da kaina na je har gidansu na durƙusa ma uwarshi kafin ya yarda. Shekara huɗu muna zarya kotu, mu ke biyan kuɗin motarshi, sau nawa muna zuwa a ce an ɗage. Ranar da ya shiga akwati lauya ya yi ta juya shi kamar waina, da wane hannu, taku nawa, wace riga. Yaron da ko firamare bai ƙare ba. Anka yanke hukunci, anka ɗaukaka, anka ce shaidarshi ta yi saɓani kuma ya yi jinkirin faɗin suna. Yanzu mutumin na wucewa ta ƙofar gidanmu bisa mashin.

To Lauya, jinkiri ba kullum ne ƙarya ba. Wani lokaci tsoro ne.

Lauya_'YarGobir
Inna, Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makoma. Ban musa miki ko kalma ɗaya ba. Doka ma ta yarda tsoro dalili ne, shi ya sa na ce sai in ya kawo dalili. Abin da ke faruwa shi ne sau da yawa ba a tambayi shaida dalilin a kotu ba, ba a kira wadda ta je ta roƙe shi irinki ba, sai kundi ya tafi sama da rami a ciki. Alƙalan can ba su san kin durƙusa ba. Ramin kawai suka gani, kuma sashe na 135 na Dokar Shaida ya ce in shakka mai ma'ana ta rage, wanda ake tuhuma ke cin ribarta.

Uwar_Gida_Mabera
Inna kin sa ni hawaye wallahi. Allah ya isar muku.

Ritaya_Sufeto
Bari in faɗi namu laifin, tunda na ajiye kaki. Rabin shari'un kisa a teburin mai bincike suke mutuwa ko su rayu. A kawo mutum cikin firgici da asuba, a rubuta masa layi biyar da Turanci, a dangwala masa yatsa, ba a karanta masa ba. Ƙila ya faɗi suna ba a rubuta ba, ƙila bai faɗa ba. Bayan shekara uku wa zai tuna?

Batun Illela kuma. In wanda ake zargi ya ce ba ya nan, aikin mai bincike ne ya je ya duba. Amma sai ya faɗa tun a sitatimen na farko, kuma da bayani: gidan wa ya kwana, da wa ya ci abinci, motar wa ya shiga. "Ina Illela" kawai ba ta isa ba, Illela gari ne. Da yawa ba a zuwa, a ce babu kuɗin mai. Na gani, ba labari aka ba ni ba.

Barista_Runjin_Sambo
Yallaɓai ya faɗi daidai, sai dai a ƙara: rashin zuwa binciken ba ya wanke mutum kai tsaye. In kotu ta gaskata ganau da ya ajiye shi a wurin, zancen Illela ya rushe da kansa. Ka ga komai ya sake komowa kan ƙanen nan da abin da ya gani.

Kuma akwai ma'aunin gani da kotunanmu suka ɗauko daga shari'ar Turnbull ta Ingila, 1976: tsawon lokacin da ya kalle shi, nisan da ke tsakani, irin hasken da ke wurin, ko wani abu ya tare masa, ko ya san shi a da. Dalilin ma'aunin shi ne mutum na iya zama mai gaskiya ɗari bisa ɗari kuma ya yi kuskure. Wanda ya ji an yi faɗa da rana, ya hangi inuwa da dare, zuciyarsa na iya liƙa wa inuwar fuska, ya rantse da Alƙur'ani bai san ya yi kuskure ba. Irin wannan ba ya rawar murya, ba ya sunkuyar da kai. Kallon fuska ba ya kama shi, sai lissafin nisa da haske, kuma wannan lissafin ana iya yin sa daga takarda.

ƊanKabuKabu_Gawon_Nama
To na janye tawa. Amma in mai masaukin Illela na nan da rai, mi zai hana a kawo shi yanzu?

Lauya_'YarGobir
Doka ta bar ƙofar sabuwar shaida, amma ƙaramar ƙofa ce ƙwarai. Sai ka nuna ba yadda za a yi a same ta lokacin shari'ar farko. Mutumin da kuka san gidansa tun farko ba ku kira shi ba, da wuya a karɓa.

Ɗan_Fadama_Skt
Salam. Yau na je ofishin lauya munka zauna da kundin kamar yadda Baba Tafinta ya ce, shafi ɗari da wani abu. Ga abin da munka samu.

Sitatimen na farko yana ciki, an karɓe shi. An tambayi ƙanen, ya ce tsoro ya hana shi faɗin suna. Ba a tambaye shi tsoron wa ba, shi ma bai faɗa ba. Mai shari'a ya rubuta cewa ya gamsu da wannan. Haske kuma ya ce tocila gare shi, yana tsaye bakin rijiya. Rijiyar nan ni na san ta, da nisa tsakaninta da injin, amma ba wanda ya tambayi nisan. Likita ya rubuta abu marar kaifi, kuma hukuncin bai ce komai ba kan adda. Na Illela, yaro ya faɗi sunan mai masaukinshi tun ranar farko, mai bincike ya amsa da bakinshi cewa bai je ba. Mu kuma ba mu kawo mutumin ba, lokacin yana Nijar.

Inna_Arkilla, na karanta naki sau biyu. Ban da abin cewa sai Allah shi jiƙan ƙanenki.

Barista_Runjin_Sambo
Tunda ya ba da dalili kuma alƙali ya karɓa, batun kwana tara ya yi nauyin ɗagawa. Ni a kan addar zan tsaya, don wannan hujja ce da aka tsallake.

Lauya_'YarGobir
Ni kuwa ban saki kwana taran ba, Barista. Bai ce "na gane su amma ina tsoro" ba, cewa ya yi bai gane kowa ba. Shiru daban, musu daban. Tsoron da ba a ce na wa ba, ba a ce me ya kawar da shi a rana ta tara ba, ban ga yadda zai goge wannan ba.

Barista_Runjin_Sambo
Mai tsoro ai "ban gane ba" zai ce, ba zai ce "na sani ba na faɗa" a gaban ɗan sanda ba. Haka lauyan gwamnati zai amsa miki.

Tsohon_Tafinta
Ɗan_Fadama, koma shafin da ya yi maganar adda. Duba ko kalmar da aka rubuta sara ce ko bugu. Mutanenmu na bugu da bayan adda, kuma in haka ya nufa, rahoton likita bai ƙaryata shi ba. Gara ku sani tun yanzu kafin wancan ɓangaren su nuna muku.

Ɗan_Fadama_Skt
Ban lura ba Baba. Kundin na wurin lauya, ya tafi Birnin Kabi sai Litinin. In ya dawo zan duba in gaya muku.